Tukunyar Gwaggo: tafiyarmu bayan Mirya neman sanin rinin zare

Labarin nan da asara ya fara, kuma gara in faɗe ta tun da wuri, don na san akwai ƙungiyoyin da ke shirin faɗawa ramin da muka faɗa.

Mu biyar ne cikin ƙungiyarmu ta asusu a nan Maraɗi muke saƙar kwarashi: hulunan jarirai, safa, ɗan mayafin goyo. Damuwarmu guda ce. Launukan da ke kasuwa su ke nan, kowa su take saye, sai ki je gidan suna ki tarar da hula huɗu iri ɗaya cikin kayan barka. Muka ce to, mu rina namu mana. Muka ɗauki bashin jikka 30 daga akwati, a kan za mu maido cikin wata uku da ɗan abin da ake ɗorawa. Muka sayo farin ulu dami guda, da galura, da soda, da wannan farin garin da ake kira hidro. Mai kantin ya rantse mana cewa maganinsa ba abin da ba ya kamawa.

Ran Asabar muka taru a tsakar gidana. Da muka tsamo zaren yana jiƙe, har guɗa muka yi. Da muka zo ɗauraya kuwa, sai muka tsaya muna kallon kuɗinmu suna bin rariya. Launin ya zube sarai, ya bar mana zare ba fari ba, ba shuɗi ba, kamar tsumman da aka goge tukunya da shi.

Ranar taro masu makulli uku suka buɗe akwati, ma'ajiya ta karanto sunayen masu bashi daga kaye. Ba wadda ta zage mu. Wata dattijuwa dai ta ce, "To ku, kafin ku zuba kuɗin mutane cikin ruwa, ba ku tambayi kowa ba?" Maganar nan ta hana ni barci. Cikin daren na tuna da Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye can bayan Mirya. Mijinta, Allah ya jiƙansa, marini ne. Tun ina ƙarama nake ganin faratanta baƙaƙe, ban taɓa tambayarta dalili ba.

Na kira jikanta ta salula. Ya kai mata wayar, na yi mata bayani. Dariya ta yi har da tari, sannan ta ce, "Ki taho da zaren nan in gani. Kuma kada ki zo da niyyar kwana ɗaya." Ma'ajiyarmu ta ce za ta raka ni, kowa da kuɗin motarta, ba a ƙara taɓa akwati ba.

Mun bar tashar Maraɗi bayan asuba, lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi. Kusan kilomita 240 ne zuwa Damagaram. Cadawa, Agye, Gazawa, duk muka wuce su ina gyangyaɗi, sai a Tasawa na wartsake da aka tsaya shan ruwa, yara suka rufe tagogi da gyaɗa da dafaffen ƙwai. Daga nan na riƙa kallon gonaki. Damman hatsi a jingine, rumbuna sababbin rufi, ga gawo ya fara fidda ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Da an wuce Takeita ƙasa ta fara canzawa, sai ga manyan duwatsun nan da aka ɗora wani kan wani, kamar da hannu aka jera su. In kin gan su, kin san Damagaram ta kusa.

Ba mu daɗe a garin ba. Ma'ajiya ba ta taɓa zuwa ba, don haka na zaga da ita Birni ta ga fadar Sarki da tsofaffin gidajen nan masu zane a fuska. Na gaya mata nan ne babban birnin ƙasarmu kafin a mai da shi Yamai a 1926, ta ce ita ba abin da ta lura da shi sai jerin bidon a bakin pampo. Gaskiyarta. Ƙarancin ruwa a Damagaram tsohon zance ne, kuma ga mai son rini ba ƙaramin zance ba ne, tunda rini ruwa yake ci.

Mirya ba ta kai kilomita 20 daga Damagaram ba. Garin kuka ne da lambuna da rake, sannan garin tukwane. A nan muka cika umarnin Gwaggo na farko: ta ce mu sayo randa mai ƙaramin baki, mu ƙwanƙwasa ta, in ba ta yi ƙara tangararau ba mu bar ta. Daga nan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu, ni da randa a cinya, muka bar kwalta muka shiga rairayi. Sau biyu muka sauka muka taka da ƙafa. La'asar sakaliya muka isa.

Kafin ma mu huta, Gwaggo ta ce in miƙo zaren. Ta murza shi, ta shinshina, ta tsinki kamar tsawon yatsa ta kai shi bakin murhu. Zaren bai ci wuta kamar yadda na zata ba. Narkewa ya yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri, warin ƙonanniyar leda ya tashi. Sai ta warwaro nata na kaɗi ta sa masa wuta: ya ci kamar takarda, ya bar ƴar toka mai laushi da ta hure da baki.

"Kin gani, ɗiyata? Wannan naki roba ce. Ina kika taɓa ganin roba ta sha ruwa?"

Ashe yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, ba auduga ba ce, zaren roba ne da ake yi a masana'anta, kuma tun can ake ba shi launinsa da magani nasa na daban. Galurar da aka sayar mana ta shadda ce da farin yadi, wato ta auduga. Shuni ma ba zai kama shi ba. Ulu na gaskiya kuwa, in an ƙona shi warin gashi yake yi, kuma soda cinye shi take. Da ashana guda, da ba mu yi asarar jikka 30 ba. Ma'ajiya ta rubuta wannan a kayenta da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙasa.

Washegari da sassafe Gwaggo ta kai mu gabas da gari, wani fili da ake kira karofi har yau, ko da yake ba mai rini a wurin. In ba a nuna miki ba, sai ki wuce. Bakunan ramuka ne zagayayyu, sun ɗan taso daga ƙasa, an cike su da rairayi don kada yara da awaki su faɗa. Ta riƙa nuna mana da sandarta: wannan na mijinta ne, wancan na ƙanensa, wancan na wani ne da ya tafi cirani shekarar yunwa ta 1984 bai dawo ba. Sha ɗaya muka ƙirga. Ta ce zurfin kowane ya fi tsawon mutum, kuma an shafe cikinsu da laso, wanda ake haɗawa daga katsin da ake kwasowa a gindin ramin, shi ya sa ba sa yoyo. Na durƙusa na taɓa bakin ɗaya. Har yanzu da tauri kamar siminti, da ɗan shuɗi-shuɗi cikin tsaguwar.

A da, in ji ta, aikin a rabe yake. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa zare. Maza su saƙa, maza su rina, maza su buga. Mace ba ta tsayawa bakin rami. Amma kirɓa ganyen baba a turmi, da dunƙula shi, da shanya shi ya zama shuni, duk a cikin gida ake yi, kuma hannunta ne ya yi shekara da shekaru yana yi. In mijinta ya dawo da yamma, daga warin rigarsa take gane ko ramin ya nuna ko ya mutu. Ta ce su ba su taɓa kai ƴan Kura ba, can kusa da Kano, masu turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa. Nasu rinin na zanen ɗaurawa ne da zaren saƙi da rigunan manoma. Da atamfa da galura da gwanjo suka cika kasuwa, ramukan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da mijinta ya rufe nasa, ita ta ɗebo ruwan ƙarshe a tulu ta kai bayan ɗaki. Mutane suka ce mace da rini? Ta ce ita ba rami ta haƙa ba, tukunya ta girka.

Tukunyar tana nan, an binne ta rabi a ƙasa kusa da danga, an rufe ta da faifai. Da ta ɗaga faifan, ma'ajiya ta ja da baya ta toshe hanci. Ba zan ɓoye muku ba, wari ne da ita, wani abu tsakanin daddawa da garken shanu. Saman ruwan da kumfa mai shuɗi da wani sheƙi kamar na jan ƙarfe. Gwaggo ta ture kumfar gefe da sakaina, sai ga ruwan ƙasa tsanwa-tsanwa, yana neman ruwan ɗorawa. Ta ce haka ake so. In ruwan kansa ya yi shuɗi, to tukunya ta yi barci, ko kin kwana kina tsoma zare ba abin da zai kama.

Sabuwar randarmu muka haɗa a gabanta, don mu gani da idonmu. Da farko ruwan toka. Tokar karan hatsi ta zuba a wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, aka shimfiɗa tsumma, ana zuba ruwa yana ɗiga cikin tasa. Ba ta auna da komai sai yatsa: in ya yi santsi kamar ruwan sabuni, ya yi. Ma'ajiya ta ce ashe da gaske ne, wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Sai dunƙulen shuni, aka farfasa su aka zuba. Sannan ta ɗebo ludayi biyu daga tsohuwar tukunya ta zuba a sabuwa, kamar yadda ake sa tsohon nono cikin madara don ta kama. Ta rufe. Ta ce safe da yamma a motsa a hankali da sanda, a bar ta ta yi aikinta. Lokacin zafi kwana biyar zuwa bakwai sun isa, lokacin ɗari tana iya ninka haka.

Tunda sabuwar ba za ta nuna muna nan ba, a tsohuwar muka koyi tsomawa. Ranar ce ta fi tsaya mini a rai. Da labari ya bazu cewa baƙi daga Maraɗi sun zo koyon rini, maƙwabta suka fara shigowa, kowa da ƴar taskirarta da mazarinta. Tsofaffi ne galibi, sai ƴanmata biyu da suka zo kallo. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Wata tana kaɗi tana shafa alli a yatsa, wata tana warware zare a ƙafafun turmin da aka kifar, ana zancen farashin wake da auren da za a yi bayan salla. Wata tsohuwa mai ban dariya ta dube ni ta ce, "Ku mutanen birni, sai kun ɓatar da kuɗi kuke tuna da mu." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ƙarya ta faɗa ba.

Ga yadda aikin yake. Ba a tsoma zare a dunƙule. Sai an warware shi an yi masa zobe mai faɗi, an ɗaure a wuri uku ko huɗu da sako-sako don kada ya harɗe. In kika matse ɗaurin, wurin zai fito fari. Wani lokaci ma da gangan ake yin haka don a samu zare mai rodi-rodi, kuma a saƙa yana da kyau ƙwarai. Sannan a dafa shi da sabuni da ƴar kanwa, saboda auduga tana da wani maiƙo da ke hana ruwa shiga. A ɗauraye, a matse, a tsoma shi yana da danshi.

Gwaggo ta riƙe hannuna ta sa shi cikin tukunyar ta gefe, sannu a hankali. "Kada ki fantsama, kada ki ɗaga ki mayar. Iska ce kishiyar tukunya." Na riƙa murza zaren a ƙarƙashin ruwa, ina jin ɗumi-ɗumi. Bayan ɗan lokaci ta ce in matse shi tun yana ciki, in fito da shi ba tare da ya ɗiga a tukunya ba. Ya fito tsanwa kamar ɗanyen ganye. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, mun sake. Sai ta ce in buɗe shi in kaɗa. Ƴan'uwa, a hannuna, ina kallo, tsanwan nan ya riƙa juyewa yana zama shuɗi. Iskar da ke kashe tukunya ita ce ke kama launi a jikin zare. Ma'ajiya ta yi salati, ƴanmatan nan suka yi ta dariyarmu.

Tsomawa ɗaya launin sararin sama take bayarwa. In ana son ya yi duhu, ba daɗewa a ciki ake yi ba, maimaitawa ake: a tsoma, a shanya ya sha iska, a sake. Mun yi wani sau takwas, ya fito kusan baƙi. Bayan haka ɗauraya, har sai ruwa ya fito garau, sannan a shanya a inuwa. Gwaggo ta ja mana kunne a nan, tunda kayan jarirai muke yi: shunin da ba a ɗauraye da kyau ba yana goge a fata, kuma ba uwar da za ta sake sayen hular da ta mai da goshin ɗanta shuɗi.

Sauran launuka a rana guda ta nuna mana su, kuma ba ta yabe su duka ba. Ganyen marke in an dafa yana ba da ruwan ƙasa mai rawaya-rawaya, yana kama auduga sosai. Bagaruwa ita kaɗai launin ƙasa take bayarwa, amma in aka bi ta da ruwan da aka jiƙa tsatsattsen ƙarfe a ciki, sai ta koma toka-toka har zuwa baƙi. Zaren da aka yi wa shuni sama-sama, in aka sa shi a ruwan marke, tsanwa yake zama. Karan dafi, wanda dukawa da masu tabarma ke jan launi da shi, a fata da kaba ya fi ƙarko. A auduga wanki kaɗan yake jurewa. Gangamau kuwa ta ce mu bar shi a miya. Rawayarsa tana da kyau ranar farko, amma rana tana cinye ta, sabuni kuma ya juyar da ita ja-ja.

Na tambaye ta galurar da ta rage mana. Ta ce ba haram ba ce, a zaren auduga za ta kama, kuma ta fi sauri. Amma ta nuna mana tabo a hannun wata maƙwabciyarta da soda ta ƙone. Masu aiki da soda da hidro, don Allah ku sa safar hannu ta roba, ku yi a fili inda iska ke kaɗawa. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba ruwa ake zubawa a kanta ba. Kada ku yi a tukunyar abinci, kada ku bar yaro kusa, kuma ruwan da aka gama da shi a haƙa masa rami nesa da rijiya da wurin dabbobi.

Daren ƙarshe ma'ajiya ta fito da kaye ta ce, "Inna, mu yi lissafi." A nan jikinmu ya ɗan yi sanyi. Zaren kaɗi na hannu kwanaki yake ɗauka kafin mazari ya cika, ba yadda za a yi ya yi araha, kuma rashin adalci ne a taya wa tsofaffin nan shi da farashin zaren kanti. Muka tsaya a kan cewa aikin yau da kullum da farin zaren auduga na kanti za mu yi shi, bayan mun gwada shi da ashana a gaban mai kantin. Na kaɗi kuma sai an yi mana oda, kamar mayafin kayan aure. Mun sayi ƙulli shida a hannun matan, muka biya abin da suka faɗa ba mu rage ba.

Kwana huɗu muka yi. Randar da muka haɗa can muka baro ta, ba ta ɗaukuwa. Muka dawo da shuni rabin buhu, da kwalba biyu na ruwan tsohuwar tukunya, muka sake sayen wata randar a Mirya.

A Maraɗi tukunyarmu ta farko ta so ta ba mu kunya. Ɗari ya shigo, mun ajiye ta a inuwa, sannan ɗaya daga cikinmu, wadda ba zan faɗi ko wace ce ba, ta riƙa dama ta kamar kunu. Kwana goma ba kumfa, ruwa shuɗi ƙirin. Na kira Gwaggo. Ta ce a mai da ita rana, a naɗe ta da tsohon buhu, a zuba dusa cikin tafi guda da ɗan ruwan toka, sannan, in ji ta, "ku ɗauke mata hannu, ba ƴar goyo ba ce." Kwana huɗu bayan haka warin ya taso, maigidana ya fara tambayar ko wani abu ya mutu a bayan ɗaki.

Yanzu duk Asabar ta biyu muna taruwa, mu biyar, wani lokaci da ƙari. Kowa ta zo da bidon ɗin ruwanta, don kada nauyin ya faɗa wa gida ɗaya. Ɗaya tana ɗaurin zare, ɗaya tana dahuwa, biyu suna ɗauraya, tsomawa kuma bi da bi muke yi, tunda kowa ita take so. Hular auduga ba ta kai ta roba laushi ba a taɓawar farko, kuma ta fi tsada kaɗan, don haka ba kowa ke saye ba. Waɗanda suka saya dai suna dawowa, sun ce ba ta sa jariri zufa. Ulun da muka ɓata mun saƙe shi ya zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa, muka sayar da araha. Zuwa yau mun maida jikka 18 cikin akwati. Sauran mun roƙi ƙarin wata biyu, ƙungiya ta yarda, da sharaɗin mu koya wa duk mambar da ke so.

Shunin da muka zo da shi ba zai kai mu damina biyu ba, kuma a ƙauyen Gwaggo mutum uku ne kawai suka rage masu shuka baba a gefen gona. Da za mu taho ta ƙulle mana irinsa a bakin wani tsohon ɗankwali. Dattijuwar nan da ta yi mana faɗa ranar taro ta ba mu aron gefen gonarta a bakin Gulbi. Irin yana cikin akwatin asusu tare da kuɗi, bayan makulli uku, sai ruwa ya sauka.